Alƙalin Kokawa a Gidan Bidiyo

Kwanan baya aka ƙwace wa wani ɗan kabu-kabu babur a bayan unguwarmu nan Tawa, da rana tsaka, aka bar shi da rauni a kafaɗa. Da yamma muna zaune bakin shagon maƙwabcina tela, mutumin Damagaram, majalisa ta ɗauki zancen. Kafin shayi ya nuna an gama bincike an gano mai laifi: finafinan faɗan nan da yara ke kallo a waya. Tela har da rantsuwa, wai da idonsa ya ga irin wannan ƙwacen a wayar ɗansa. Aka juyo gare ni saboda furfura, wai in sa baki. Na ce ni na taɓa ganin an yi wa fim shari'a, an yanke masa hukunci, an kuma zartar, amma ban ga sandar da ta huta ba saboda haka. Suka yi dariya, sun ɗauka ba'a nake yi. Na bar su a haka, don labarin ya fi ƙarfin zaman shayi.

A ƙuruciyarmu, a ƙauyenmu can arewa da Barmu, kunne ne agogo. Luguden mata ke tashe ka, kukan jakai a hanyar rijiya ke gaya maka hantsi ya yi, in ka ji ƙarar guga ta ragu ka san rana ta take. Ƙasarmu ta duwatsu ce, gero ba ya fitowa sai ka roƙe shi, albasa kuma a fadama sai ka ɗauki ruwa ka kai mata har bakinta. Da an ɗaure damma an cika rumbuna sai ganga ta tashi a fili, a yi kokawa har ƙafafu su gaji, daga nan samari su naɗe tabarmi su nufi Kurmi, ƙasashen kudu na bakin teku, neman abin rufin asiri, gari ya koma na mata da tsofaffi. Kokawar nan ita ce sinimarmu, ita ce kuma makarantarmu. Dokarta ɗaya ce, yaron goye ma ya san ta: da bayanka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an gama. Ka tashi ka kaɗe jiki, ka fita fili, ka jira baɗi. Yau jikokina suna kwance kowa da wayarsa a hanci, a kashe mutum goma a tafin hannunsu ba su ko ɗaga gira ba. Mu kuwa mutum ɗaya ya faɗi a fili, sai gari ya yi wata yana tauna zancen.

Kada wani ya ji haka ya ce mu salihai ne. Faɗa muke yi, kuma da sanda. A rijiya ana yi, a iyakar gona ana yi, a kan akuyar da ta shiga wake ana yi. Da wuya ka ga dattijo a garinmu wanda in ya cire hula ba za ka karanta tarihin rigimarsa a kansa ba. In an fasa kan wani, sai a ce zafin rana ne, ko a ce Shaiɗan ne, a ɗaure da tsumma, a je ƙofar hakimi a sasanta. Shaiɗan ya daɗe yana ɗaukar mana wannan kaya shi kaɗai, ba mai taya shi, har Illa ya dawo daga Abijan da akwatinsa.

Illa tsarana ne, gidansu na jingine da namu. Ya yi shekaru yana tafiya Kurmi yana dawowa, ya yi dako, ya yi tallan shayi, ya yi gadi. Shi kaɗai ya rage wa uwarsa, Inna Tsahara, kuma idonta ya soma dushewa, har ta kai sai ta shafa bango take gane ƙofa. Wannan ne ya sa ya tattara wahalarsa duka ya sayi tele da na'urar bidiyo da ƴan kasat da ɗan injin wuta, ya ce shi da Kurmi sun yi sallama. Abin da yake so ke nan a duniya: sana'ar da za ta riƙe shi a gida, ya ɗebo wa tsohuwa ruwa da hannunsa. Ya share zauren gidansu, ya rataya tabarma a ƙofa don duhu, bayan la'asar ya tayar da inji. Inna Tsahara ba ta taɓa leƙawa ba. Ta ce ita ba ruwanta da mutanen cikin akwati, ƙarar injin ta ishe ta, tunda in tana jin ta ta san ɗanta na gida.

Mu kuwa mun leƙa, mun kuma zauna. Mai ƴan canji ya bayar, marar su ya kawo gero ko albasa, Illa ba ya mayar da kowa. Kasat ɗinsa duk na faɗa ne, na wasu mutane masu tashi sama kamar fara suna kai duka da ƙafa suna ihu. Ba mai jin harshensu, har shi Illa, amma wannan bai hana shi fassara ba. Yakan tsaya gefen tele ya ce, “Wanga shi na yaron kirki. Wancan mai gashin baki shi na uban ɓarayi. Yanzu ce mishi yay yi, ka ci amana, gobe mu gamu bayan kasuwa.” Mu ce, “Allah shi ƙara!” Washegari a kunna kasat ɗin nan dai, maganar ta canza, ba wanda ya damu. Ba a jima ba yaran gari suka kama tsalle-tsalle. Ka aiki yaro ɗebo ruwa, sai ya yi wa tulu ihu kafin ya ɗauka. Wani magini ya wayi gari ya tarar an bi tubalansa ɗaya bayan ɗaya da sara da hannu, tubalan suna nan lafiya, sai dai yara da yawa sun ci tuwo da hagu a makon nan.

Sai ga rigimar Aliyo. Shi Aliyo tun yana rarrafe yake cizo, ya girma da zuciya a bakin hanci. Jakin wani maƙwabcinsa na fadama ya shiga masa irin albasa ya yi kiwo. Ina wurin, ina ban ruwa a nawa fegin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Aliyo ya tuɓe riga, ya ware ƙafafu, ya yi irin ihun nan, ya zabura sama ya kai wa mai jaki duka da ƙafa. Bai same shi ba. Jakin ya samu a gindi, jaki kuwa ya rama nan take, Aliyo ya zauna cikin laka. Da ya ga abin Kurmi bai yi ba, sai ya miƙe ya ɗauki sanda kamar yadda ubansa da kakansa ke yi, ya sauke ta a kan mai jaki. Wannan kam ta samu. Jini ya wanke wa mutum fuska, danginsa suka ce su sai jandarma, jami'an tsaron gwamnati.

A ƙofar hakimi aka taru, gari duka. Uban Aliyo ya ga ɗansa na shirin kwana a Tawa ba da son ransa ba, sai ya durƙusa ya ce, “Ranka shi daɗe, ɗana bai san hwaɗa ba sai da akwatin ga yaz zaka garin ga. Yaro na mai kunya. Illa yal lalata muna shi.” Yana faɗa yana gyara hula don ta rufe tabon da ke goshinsa. Na so in yi dariya, sai na ga ba mai yi. Magana ta yi wa kowa daɗi. Wanda aka sace wa kaza ya tuna, magini ya tuna da tubalansa, wata tsohuwa ta ce jikanta ya daina gaishe ta sai da tsalle. Kafin a jima an manta da mai fasasshen kai yana zaune a gefe da tsumma, shari'a ta koma kan Illa. Na miƙe na ce abin da Aliyo ya koyo a akwati jaki ya samu, abin da ya sami mutum kuwa a gida ya gaje shi. Aka ce in zauna, ai ni ma ɗan kallo ne. Na dubi Illa, na ga fuskarsa ta yi fari fat, don ya san in an rufe zauren nan babu abin da ya rage masa sai hanyar Kurmi.

Hakiminmu mutum ne da ba ya son kowa ya bar ƙofarsa da fushi, abin da ya sa sau da yawa kowa ke barinta da fushi. Ya ce, “Ni ba ni yanke hukunci bisa abin da ban gani ba. Gobe bayan la'asar a kunna muna shi, mu da dattawa.”

Cikin dattawan akwai Baba Asumana, tsohon ɗan kokawa wanda a zamaninsa ba a sami mai kai bayansa ƙasa ba daga garinmu har ƙauyukan Tabaram. Da ya tsufa shi ke raba gardama a fili, in ya ce an yi kaye to an yi. A hannunsa Illa ya koyi kokawa, ni ma haka, ko da yake ni abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne tashi in kaɗe jiki. Suka shigo zaure da sandunansu, suka jere a tabarma kamar masu zaman ɗaurin aure, mu samari muka maƙale a bango. Illa ya zaɓi kasat ɗin da yake ganin ya fi sauƙi, ya yi bisimilla ya kunna, ya kuma gyara fassara: ranar kowa a cikin akwati sai da ya gaida na gaba da shi.

Fim ya buɗe da ɓarayi sun afka wa wani gida sun kashe uban yaron kirki. Na saci kallon dattawa ina jiran salati. Ko gezau. Ɗaya ya ce wancan bai iya riƙon sanda ba, a tsakiya yake kama ta kamar mai tuƙa tuwo. Wani ya ce jinin ya cika ja. Aka ƙone rumfa, aka karya tukwane, aka jefa wani ta taga, hakimi yana ta gyaɗa kai yana cin goro. Illa ya soma samun numfashi, har muryarsa ta dawo. Sai yaron kirki ya je ya tari uban ɓarayi, suka kama juna, mai gashin baki ya ɗaga shi sama ya maka shi da ƙasa, baya ya zauna daram, ƙura ta tashi.

Baba Asumana ya ce, “Madalla.” Ya jawo takalmansa, ya dafa sanda ya miƙe. Sauran dattawa suka miƙe tare da shi, suna cewa mai gashin bakin nan mugu ne amma ya iya kaye.

Illa ya ce, “Baba, ina za ku? Ai yanzu anka soma.”

“Mi anka soma? Bayan yaro ya sha ƙasa, kowa ya gani. Allah shi ba shi haƙuri, shi jira baɗi.”

Bai rufe baki ba yaron kirki ya yi wata irin alkafura ya miƙe, ya share hanci da babban yatsa, ya koma wa mai gashin baki da duka. Ban taɓa ganin fuskar tsoho ta canza haka ba, ka ce an zagi mahaifinsa a kasuwa.

“Kai! Kai! Wa yab ba shi izini?” Ya nuna tele da sanda, Illa ya yi wuf ya shiga tsakani. “An kada kai gaban jama'a, ka tashi ka koma ma mutum? Garin ga nasu babu manya? Babu mai hidda shi hili?”

Dattawa suka ɗauka gaba ɗaya. Mutanen da suka kalli kisa suna cin goro, su ne yanzu ke salati suna tafa hannu. Hakimi ya sa aka kashe akwatin, aka fito waje don a sha iska a yi magana. Baba Asumana ya ce, “Ranka shi daɗe, kisan da sunka yi bai dame ni ba, wasa na. Yaro ba shi koyon sanda ga akwati, gida shika iske ta, uban Aliyo ya hi kowa sani. Abin da nika tsoro, ɗiyanmu su ga an kada mutum ya ƙi yarda. Ran da wagga ɗabi'a tash shiga hilin kokawa, ta shiga gona, ta shiga rijiya. Daga ran nan babu rigimar da za ta ƙare garin ga.” Yau da nake jin yadda rigima ke kwana ta tashi a ƙauyuka, ta haifi wata, ba na iya cewa tsohon shirme ya yi gaba ɗaya.

Hakimi ya ga hanyar da zai faranta wa kowa. Ya ce, “Ba mu hana ma Illa sana'atai. Shi kunna abinai. Amma da an kada mutum, wasa ya ƙare, a kashe akwati. Asumana, kai ka zama nan kullum, kai na alƙali. Illa, ka yarda?” Illa ya dubi jama'a, ya dubi malaminsa, ya ce, “Na yarda, ranka shi daɗe.” A ransa yana ganin tsoho zai gaji cikin mako. Aliyo kuwa aka ɗora wa ubansa jinyar mai jaki, ya koma gida ana yi masa sannu kamar wanda ya tashi daga ciwo.

Tsoho bai gaji ba. Tun kafin inji ya tashi yana nan zaune dab da tele, sanda a hannu, ido a buɗe. Da wani ya taɓa ƙasa sai ya buga sanda ya ce, “Kaye!” Illa ya kashe. Matsalar ita ce mutanen cikin akwatin nan ba su da aiki sai faɗuwa. Akwai kasat ɗin da rubutun farko bai gama wucewa ba wani ya faɗo daga soro. Illa ya ce, “Baba, wanga ba kada shi anka yi ba, santsi na.” Tsoho ya ce, “Ƙasa ba ta tambayar dalili.” Wata rana Illa ya ce wannan da ya faɗi ɗan kallo ne, ba ya cikin faɗan. Tsoho ya ce to me ya kai shi fili. Da aka samo wani na mahaya dawaki muka yi murna, don an daɗe ana sukuwa ba wanda ya faɗi, har Baba Asumana ya gyara zama yana yaba wani doki, sai aka harbo mahayin. Ya buga sanda kamar ba ya so. Mukan shiga da shayi a hannu mu fito bai huce ba. Tun ana zuwa don a yi dariya, har dariyar ta ƙare, zaure ya koma daga Illa sai alƙalinsa sai ni da nake zuwa don kunya.

Samari suka ba shi shawara iri-iri. Wasu suka ce ya riƙa kunnawa da hantsi lokacin da tsoho ke fadama. Wasu suka ce ya kai ƙara Tawa, ai babu dokar gwamnati da ta san wannan hukunci. Ni ma na matsa masa, har na yi fushi. Ya ce da ni, “Gaban jama'a anka tambaye ni, gaban jama'a nic ce na yarda. An kada ni. In tashi in koma, in zan abin da tsoho yac ce?” Wannan shi ne mutumin da ya fi kowa kallon finafinan nan a duk ƙasarmu ta Adar, wanda ya haddace kowane naushi da ke cikinsu. A ranin nan kuwa, da akwati ke rufe da zane, an fasa kai a rijiya kamar kowace shekara, kaya suka koma wuyan Shaiɗan.

Illa ya kai tele da inji Tawa ya sayar wa wani mai shago, ya cika wa uwarsa rumbu, ya roƙi matata ta riƙa ɗebo mata ruwa. Ran kasuwa ya yi sallama da tsohuwa a cikin ɗaki, ba ta fito ba. Na raka shi bakin hanya muna jiran motar kaya. Can sai ga Baba Asumana yana tafe da sandarsa. Ya yi masa addu'ar hanya mai tsawo, sa'an nan ya yi ta zane a ƙasa da bakin sanda. Da motar ta tsaya sai ya matso, ya rage murya don kada in ji, amma na ji.

“Illa, yaron nan na ran hwarko, wanda anka kashe ma uba. Ya samu ya rama?”

Illa ya jefa tabarmarsa bisa kaya, ya juyo ya rusuna masa, ya ce, “Baba, ai kai kac ce an gama.” Ya kama ƙarfe ya hau.

Inna Tsahara ta rasu da damina, ba wannan da ta biyo ba, ta gaba. Mu muka kai ta, saƙo bai iske Illa ba sai da aka share makoki. Baba Asumana ya zauna zaman makokin nan tun daga farko har ƙarshe a bakin zauren da ya yi alƙalanci, kuma daga nan bai ƙara raba gardama a fili ba. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban gaya masa ba, alhali na kalli kasat ɗin har ƙarshe tun kafin shari'a. Yaron ya rama. Daga nan ya koma gida, ya tarar da uwarsa tana jiransa a bakin ƙofa.